Kwalaben Allurar da Ke Cikin Akwatinka

Ƙarfi, ta Malumfashi,
Ƙarshen watan Sha'aban.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya kai ka Gashuwa lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wannan aikin malamin gona da ka samu, Ya sa ka rabu da shi lafiya fiye da yadda na rabu da nawa.

Na san ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ka san halina, maganar da ta fi damuna ita ce ba na iya faɗa baki da baki. Shi ya sa na rubuta, na ba Innarka ta sa maka a aljihun rigar tafiya.

Shekaranjiya da take shirya maka akwati ta ga wani ɗan kwali a ƙarƙashin rigunanka, da 'yan kwalaben allura jere a ciki. Ba ta yi boko ba, amma ta san kwalin nan kamar yadda ta san tukunyarta. Ta zo ta tsaya a bakin zaure, ta ce, "Malam, irin naka ne." Ba sai ta ƙara ba. Na daɗe ina ganin kana danne ƙasan ƙirjinka da tafin hannu idan ka zaci ba mai kallo, ina ganin kana ture miya idan yaji ya ji. Ga azumi ya ƙarato, ga garin zafi za ka, inda ba uwa ba uba. Na gane dabarar da ka ƙulla, domin ni na fara ƙulla ta a gidan nan. Lokacin kana makarantar kwana, aka ce maka zazzaɓi na yi. To ba zazzaɓi ba ne, yau ka ji yadda aka yi.

Ciwon ya kama ni bayan an sallame ni daga aiki. Ina jami'in ilmi na ji sunana a rediyo, a tsakiyar sunayen ɓarayi da malalata, ba wanda ya kira ni ya tambaye ni ko da kalma ɗaya. Waɗanda nake yi wa lissafi a kwaleji su ne yau ke wucewa ta Ƙarfi a mota, su ɗaga mini hannu ba su sauke gilashi ba. Na dawo gonar ubana da takardun shaida a ƙasan adaka. Sai wata wuta ta soma ci mini a bakin ciki, musamman idan yunwa ta taso. Ban faɗa wa kowa ba. Mutumin da aka kora ba ya son a ƙara ce masa sannu. Na dinga jiƙa kanwa ina sha, ta lafa na ɗan lokaci ta dawo. Idan ta kai ni bango in sayi hodar ciwon kai a wurin mai tebur in afa, in bi da goro da sigari, ciki ba komai. Ashe gyambo ne a cikina, hodar nan kuwa ita ke ƙara yage shi. Ni da na koya wa yara kiwon lafiya a aji, kananzir nake zuba wa gobara. Abba, kada ka sha maganin ciwon kai ko na ciwon jiki don ciwon ciki, kada ka sha ko don ciwon kan ma sai likita ya san kana da wannan larura. Sigari kuwa ban taɓa ganinka da ita ba, Allah Ya sa haka abin yake a bayan idona.

Wata kaka, muna ɗora buhunan auduga a mota, na sunkuya sai amai, baƙi ƙirin kamar diddigar shayi, daga baya jan jini. A bayan akori-kurar nan aka shimfiɗe ni a kan auduga har wani asibiti a Zariya.

Likitan da ya karɓe ni matashi ne, ɗan Yarbawan Funtuwa, a nan aka binne cibiyarsa, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Kafin a taɓa ni ya tsare ni da tambaya. Fitsarina yana fita sosai? An taɓa ce mini ina da ciwon ƙoda ko na hanta? Ina shan maganin asma, ko na farfaɗiya, ko na zuciya? Na fusata, na ce, "Jarrabawa na zo ɗauka ko magani?"

Ya ce, "Baba, yi haƙuri. Ƙoda ce ke fitar da maganin nan daga jiki. In ta yi rauni na ba ka cikakke, taruwa zai yi, gobe ka kasa gane matarka. Kuma akwai magungunan da ba ya jituwa da su."

Sai wata nas ta fasa wuyan 'yar kwalba, wadda ba ta kai ɗan yatsana ba, ruwan cikinta garau kamar hawaye. Ta zuƙe, ta juye cikin jakar ƙarin ruwa, ta bar shi yana sauka ɗigo ɗigo. Ta riƙe wuyan hannuna tana kallon agogonta. A raina na ce ga lalacin ma'aikatan zamani, abu kaɗan an mayar da shi aikin yini.

Abba, ban san yadda zan kwatanta maka abin da ya biyo baya ba. Wutar da na yi shekaru ina ɗauke da ita, wadda na zaci da ita za a binne ni, sai na ji tana ja da baya kamar rafi bayan ruwa ya ɗauke. Na kwanta ina laluben ciwon, ina nemansa inda na saba samunsa, ba ya nan. Har tsoro ya kama ni.

Da likitan ya zagayo na tambaye shi wane irin abu ne wannan. Ya ce sunansa simetidin, bai daɗe da shigowa ƙasar nan ba. Ya ce a cikin kowane mutum akwai wani ruwa mai tsami, shi ke narkar da naman da ka ci, da za a ɗiga shi a idonka sai ya illata shi. Na ce, "To me ya hana shi narkar da tumbin? Ai shi ma nama ne." Ya yi dariya, ya ce, "Allah Ya shafe bangon da wani yauƙi, kamar yadda ake yaɓe rumbu kafin a zuba hatsi. Inda yaɓen ya zube, nan ne gyambo." Ya ce kanwa ruwan da ya riga ya fito take kashe wa kaifi, shi kuwa wannan ta jini yake bi, ya je har 'yan ƙananan maɓuɓɓugan da ke jikin bangon, ya sa su rage zuba, sai gyambon ya sami sararin haɗewa.

Sau nawa na zana tumbi da alli a jikin allo, na sa yara suka kwafa, na doki wanda bai zana daidai ba, ban taɓa tsayawa na yi mamaki ba. Ka tuna kasuwar Bakori ranar da take ci, ba masaka tsinke. Kowane mutum a cikinta, da mai sayar da masara da mai dillancin shanu da jaririn da ke goye, yana ɗauke da wuta a cikin jakar fata, yana ciniki yana dariya, kuma ba ta cinye shi ba. Tsakaninsa da ita yauƙi ne kawai. Na daɗe da daina ganin wani abin sha'awa a duniya, amma a kan gadon nan na ce subhanallahi, kuma ba da baki kaɗai na faɗa ba.

Da na soma riƙe kunu sai aka cire allurar, aka miƙo mini ƙwayoyi. Na ji kamar an rage mini matsayi. Ka san mutanenmu. Duk wanda ya dawo daga asibiti, tambayar farko, "An yi maka allura?" In ya ce a'a, sai a ce, "Ai ba su duba ka ba." Ni ma ashe da wannan a kaina, duk da bokon. Likitan ya ce magani ɗaya ne. Allurar ta wanda ke zubar jini ce, ko mai amai, ko wanda ba ya iya haɗiya, kuma a gaban masu lura da shi. Da mutum ya iya haɗiya, ƙwaya ta ishe shi. Ya ƙara da cewa azumi mai zuwa kada in yi, gyambon ɗanye ne. Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa yaro.

Azumin ya faɗo a cikin damina, daidai noman farko. Liman da kansa ya ce mini mara lafiya an ɗauke masa, ya rama in ya warke. Da na tsaya a nan da ban rubuta maka wannan takarda ba. Amma wata la'asar a majalisar ƙofar gidan mai unguwa aka ɗauko zancen, wani ya ce, "Ai 'yan boko da ma ciwonsu da ganin wata yake tashi." Aka kwashe da dariya. Tun ranar da ubana ya kai ni makaranta ake yi mini kallon mai rabin addini. Gwamnatin da na bauta wa ta zubar da ni, ga mutanen garinmu su ma ba su karɓe ni ba. Na ce wallahi sai na yi azumin nan ko zan mutu.

Sai na zauna na yi wayo irin na masu ilmi. Na ji a wurin tafsiri cewa allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi. Ƙwaya ta baki take bi, ita kuwa allura ta fata. Ke nan idan wutar ta taso da rana tsaka, in sa a yi mini allura, azumina na nan. Na hau kiya-kiya zuwa Funtuwa, na faɗi sunan maganin da Turanci a wani kemis, aka miƙo mini ba a ko tambayi takardar likita ba.

Ka tuna Baba Iro, taubashina, mai kawo maka rake. Ya yi aikin wanke gyambo a disfensare har ya yi ritaya, daga nan ya zama mai yi wa mutane allura a gida da ranar kasuwa. Sirinjinsa na gilashi ne, a gwangwani yake dafa shi, allura ɗaya ta zaga unguwa. Shi na kira.

Ya ce, "Hedimasta, yau ɗuwawun gwamnati zan huda?"

Na ce, "Huda, likitan awaki. Gwamnatin ta riga ka."

Kwanakin farko a ɗuwawu yake yi mini, kuma ana samun sauƙi. Na dinga zama a sahun gaba wurin shan ruwa a masallaci, ina kallon wanda ya yi mini gori. Rannan muna gonar masara da 'yan ƙwadago, bayan azahar, wutar ta taso fiye da kullum, har na kasa miƙewa daga kan fartanya. Iro ya zo da gwangwaninsa gindin ɗorawa. Na tuna a asibiti ta jijiya aka sa mini. Na warware 'yar takardar da ke cikin kwalin, na ga an ce ana yi ta tsoka, ana yi ta jijiya. Na ga inda aka ce in ta jijiya ce a surka shi, a tura a hankali. Na karanta, Abba, na fahimta sarai. Na ce wannan tsoron Turawa ne.

Iro ya ce, "Ni fa ɗuwawu na sani."

Na ce, "Ni na karanta, kai ba ka karanta ba. Ɗaure hannun ka tura."

Ya ɗaure mini damtse da igiyar wandonsa, ya sami jijiya, ya tura gaba ɗaya.

Bai gama zare allurar ba na ji gonar ta yi nisa. Muryoyin 'yan ƙwadago suka koma kamar daga ƙasan rijiya. Sai na ji zuciyata. Tunda aka haife ni take aiki, ban taɓa saurarenta ba sai ranar. Ta buga. Ta yi shiru. Na jira. Ta sake bugawa, kamar mai daka da hannunta ya gaji. A cikin kowane shirun nan na ga cewa ba ni da iko da ita ko na ƙwayar gero, ba takardar shaida da za ta ce mata ci gaba. Ganyen ɗorawa yana motsi a samana, ko wanne ina ganinsa daban, kore shar, ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Na so in yi kalmar shahada, harshe ya ƙi. Ruwan da bai cika cokali ba, wanda ya kashe mini wuta a Zariya, shi ne ya kama zuciyata ya riƙe. Bambancin kawai gaggawa. Sai na tuna nas ɗin nan da agogonta.

Da na farfaɗo, wani Bamaguje cikin 'yan ƙwadago ne tallabe da kaina, yana ɗura mini ruwan rafi da tafin hannunsa, Iro yana gefe yana salati yana kuka. Azumin da na yi wa dabara ya karye a hannun mutumin da ba ya ma yinsa. Kafin sallah jinin ya dawo, aka sake kwasata zuwa Zariya. Likitan bai yi mini faɗa ba, ya dai ce mutane sun mutu a haka, kuma tun daga lokacin ya hana ni azumi, ya ce in dinga ciyarwa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kai ma ka iya karanta takardar cikin kwali, na sani, ni na biya kuɗin makarantar. Iya karanta ta bai mayar da kai likita ba. Kada ka bar kowa ya sa maka maganin nan a jijiya a bayan kanti ko a ɗakin haya. A ɗuwawun ma kada ka yarda. Allurar da ta shiga jikin wani tana ɗauke da ciwonsa, ƙurji ne ko shawara, dafawar gwangwani ba ta isa ba.

Saura abin da ya fi mini nauyi. Ragowar kwalaben na bar wa Iro. Ashe shi ma yana jin cikinsa. Ya dinga yi wa kansa, da suka ƙare ya saya. Ciwon ya yi shiru. Yakan ce mini, "Hedimasta, maganin nan naka sarki ne." Amma sai ya daina son nama, shi da ba ya wuce mai tsire. Loma kaɗan ya ce ya ƙoshi. Riga ta soma yi masa yawa. Muna tsokanarsa wai amarya yake nema. Da muka kai shi asibiti, aka duba, aka ce ba gyambo ba ne, ciwon daji ne, kuma ya riga ya bazu. Likitan ya ce maganin nan yana kwantar da zafin ciki ko mene ne sanadinsa. Zafin shi ne mai shelar da zai kawo mutum asibiti da wuri, mu kuwa mun toshe masa baki.

Na je duba shi a ɗakinsa, ya zama kamar kara. Ya kalle ni ya ce, "A makaranta ka riga ni, a aure ka riga ni. Wannan dai na ci ka." Na kawar da kaina gefe. Sai ya ce, "Kada ka ɓata fuska. Kwalabenka sun yi mini rana, na yi noma ban ji ciwo ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

To ka ji. Ban cire kwalin daga akwatinka ba, kai ba yaro ba ne, kuma in na cire akwai kemis a Gashuwa. Abin da nake roƙonka, kafin ka nemi ofishinku ka nemi asibiti. Ka ajiye kwalin a teburin likita, ka gaya masa inda ka samo shi. Yanzu jabun magani ya cika kasuwa, kuma ko na gaske ne ya sha zafin mota. Ka gaya masa yaushe ciwon ya fara, da duk abin da ka taɓa sha, har kanwa da saiwa, kada ka ji kunya. Ka ce ubanka ya yi gyambo har ya yi aman jini. Ka bari ya gano abin da ke damunka kafin a kashe zafin. In ya ba ka ƙwaya kada ka raina, ka shanye har iyakar da ya ce ko ka ji sauƙi, kuma kada ka ba wani ragowa don ya ce ciwonsa irin naka ne. In ka ga bayan gidanka ya yi baƙi kamar kwalta, ko amai da jini, ko kana ramewa ba dalili, ko haɗiya tana yi maka wuya, ko wane lokaci ne ka tafi asibiti, kada ka jira gobe.

Maganar azumi kuwa, ka tambaye shi kai tsaye. In ya ce za ka iya, alhamdu lillahi, akwai masu irin ciwon da ke shan ƙwayarsu da sahur da shan ruwa su kai lafiya. In ya ce ka sha, ka sha, ka rama. Wanda Ya yaɓe maka tumbi da yauƙi tun kana cikin uwarka Ya fi ka sanin abin da zai iya ɗauka, kuma Shi Ya yi rangwamen. Za a yi maka gori, kai baƙo ne kuma ɗan boko. Na san zafinsa, ya fi na gyambo.

Ba zan ɗora maka abin da na kasa ba. Shekarun nan duka, ka sani, a ƙuryar ɗaki nake shan kununa da rana, in goge baki, da magariba in je masallaci in zauna gaban dabino da fuskar mai ƙishirwa. Bana na daina. Ranar ɗaya ga wata, in mai unguwa ya ce mini barka da shan ruwa a gaban majalisa, zan ce masa ni ban kai ba, likita ya hana ni, ciyarwa nake yi. Su yi dariyarsu. In ka ji nauyin faɗa a can, ka tuna a daidai wannan magaribar tsohonka yana faɗa a nan.

Takardarka ta farko ba na son labarin gari ko na aiki. Abin da likita ya ce nake so, kalma da kalma, zan karanta wa Innarka.

Allah Ya sauke ka lafiya, Ya ba ka lafiyar ciki da ta zuciya, Ya jiƙan Iro, Ya nuna mana watan lafiya, mai azumi da wanda aka ɗauke wa. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.